Yadda Ake Ƙaura Da Iyali Zuwa Babban Birni Mai Sanyi Saboda Aiki

Sau uku ina kwashe iyalina saboda aiki, kuma kowane garin da muka koma ya fi na baya sanyi. Tun daga nan abokai suka mai da ni wurin tambaya, duk wanda ya samu takardar ɗaukar aiki a irin waɗannan birane sai ya kira ni. A ƙaurar farko albashi kawai na duba. Muka sauka ƙarshen Nuwamba, autarmu na da shekara biyu, ko wata ba a yi ba na gane cewa aikin ni kaɗai aka bai wa, sanyin kuwa na gidan ne gaba ɗaya. Don haka duk lissafin da zan nuna maka a kan watan da ya fi kowane wata sanyi za ka gina shi. Gidan da ya tsallake wannan watan lafiya, sauran shekara ba ta ba shi wuya.

Abin da za ka tanada tun da wuri

Jaka guda ta takardu, wadda ba za ta shiga kayan da aka aika ba: fasfo, biza idan ƙetare ne, takardar ɗaukar aiki mai sa hannu, takardar aure, takardun haihuwar yara, katin rigakafinsu, sakamakon makaranta na shekara biyu da suka wuce, lasisin tuƙi, da takardar likita ga duk mai shan magani kullum. Ka ɗauki hoton kowacce ka ajiye a waya, ka tura wa uwargida ita ma.

Kuɗin da zai riƙe gidan wata uku ba tare da albashi ba. Maganin mai ciwo na wata biyu ko uku, cikin kwalinsa na asali. Littafi guda na lissafi. Rigar sanyi ɗaya, hula, safar hannu da takalmi rufaffe ga kowa, na ranar sauka kawai. Sai lambar mutum ɗaya da ya yi aƙalla hunturu biyu a garin. In ba ka san kowa ba, ka roƙi wurin aikin su haɗa ka da ma'aikacin da shi ma zuwa ya yi da iyali. Wanda aka haifa a can bai san abin da zai ba ka mamaki ba.

1. Ka karanta takardar aikin kafin ka amsa

Murna takan rufe ido. Ka bar takardar ta kwana biyu, sannan ka nemi amsar waɗannan a rubuce: Wa zai biya kuɗin jirgi da jigilar kaya? Za su ba ku masauki na makonnin farko? Akwai lokacin gwaji, wata nawa ne? Inshorar lafiya ta haɗa da mata da yara, kuma daga wace rana take fara aiki? Takardar zamanka ta ba uwargida damar yin aiki? In ka ajiye aikin kafin shekara ta cika, za ka mayar da kuɗin ƙaurar?

Wannan ta ƙarshen ce ta cije ni. Wani kamfani da na yi wa aiki ya biya min kuɗin ƙaura, ashe a shafi na huɗu an rubuta cewa in na tafi kafin shekara biyu zan biya shi duka. Na sa hannu ban gani ba. Alkawarin baki kuwa, ko daga babban manaja ya fito, ka ɗauke shi labari har sai ka gan shi a takarda.

In sun ce ba sa biyan kuɗin ƙaura, ka nemi abin da bai fi ƙarfinsu ba: a ɗaga ranar fara aiki, ko a ba ka wani kaso na albashin farko tun kafin ka tashi.

2. Ka yi lissafin watan da ya fi sanyi

Ka buɗe littafinka, ka rubuta abin da zai shigo hannunka bayan an cire haraji, fansho da inshora. Ƙarƙashinsa haya, sufuri, abinci, kula da yara, sannan layin da sabon zuwa ke mantawa: kuɗin ɗumama gida. A tsakiyar hunturu yakan ninka na bazara har ya wuce. Ka ƙara kayan sanyi na kowa, ka tuna yara sukan fi ƙarfin nasu duk shekara. In ragowar ba ta fi abin da kake ajiyewa yanzu ba, babban albashin suna ne kawai.

Sai ka duba yanayin garin, wata-wata. Abu uku nake dubawa: mafi ƙarancin awon sanyi da dare, ƙarfin iska, da tsawon yini. Ruwa na daskarewa a digiri 0 a ma'aunin Salsiyas, wanda shi ne 32 a ma'aunin Farenhait da Amurka ke amfani da shi. Kada lambar ta ruɗe ka: in ka ga 14 a Farenhait, digiri 10 ne ƙasa da sifili a Salsiyas, ma'aunin da zan bi daga nan. Tsawon yini kuwa, a kusa da 21 ga Disamba Toronto na samun hasken rana kimanin awa 9, Landan bai cika awa 8 ba, Mosko wajen awa 7, Stockholm wajen 6. In birnin yana kudancin duniya ne, hunturunsa daga Yuni zuwa Agusta yake, sai ka juya lissafin.

3. Ka zauna da iyali

Ka faɗa musu gaskiya, har da duhun ƙarfe huɗu na yamma. Kai za ka fita da safe ka shiga ofis mai ɗumi da mutane. Wanda zai yini a gida da ƙananan yara, ba maƙwabcin da ya sani, shi zai ɗauki nauyin ƙaurar. Ku yanke tun yanzu cewa bayan hunturu guda za ku sake zama ku duba. Sanin cewa akwai ranar sake magana yana rage rabin fargaba.

4. Lokacin tafiya, da wanda zai fara yin gaba

In zaɓi na hannunka, ku isa ƙarshen bazara ko farkon kaka. Jiki zai saba a hankali, yara su shiga makaranta tare da sa'o'insu, ku san hanyoyi tun ƙasa na a bushe. In aikin ya ce dole a tsakiyar sanyi, ka yi gaba kai kaɗai na mako huɗu zuwa shida, ka kama gida, ka tabbatar ɗuminsa na aiki, sannan su biyo ka. Kada dai tsaikon ya yi tsawo. Na ga wanda ya ce wata guda, ya shekara, kowa ya saba da rashin ɗan'uwansa.

5. Neman gida

A nan ake cin hunturu, a nan ake faɗuwa, don haka zan ɗan daɗe.

Kada ka tura kuɗin ajiya kan gidan da ba ka shiga ba. 'Yan damfara sun san sabon zuwa a matse yake, sai su sa hoton gida mai kyau da haya mai sauƙi. Ka kama masauki na wucin gadi, ka je da ƙafarka. In ba hali, ka tura wanda ka yarda da shi ya zagaya da kai ta bidiyo kai tsaye.

Da ka shiga, tambayar farko ita ce da me ake ɗumama gidan, kuma wa ke biya. Akwai mai tukunyar gas da ke tura ruwan zafi cikin ƙarafunan jikin bango, akwai mai hura iska mai ɗumi ta bututu, akwai mai hitar lantarki, wanda sau da yawa shi ya fi cin kuɗi. A Jamus har suna biyu haya take da shi: hayar sanyi, wato kuɗin ɗakin zalla, da hayar ɗumi, wadda ta haɗa da ɗumamawa da sauran kuɗaɗen gida. Wanda bai san bambancin ba sai ya ɗauka ya samu araha. A New York doka ta ɗora wa mai gida samar da ɗumi daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu. A Birtaniya gidan haya na da takardar da ke nuna yadda yake riƙe zafi, daga harafin A zuwa G, A ce mafi kyau. Kowane gari da dokarsa, ka nemi ta garinka. Ka kuma roƙi a nuna maka takardar kuɗin wuta da gas ta hunturun bara.

Sannan ka bar dillali ya yi ta zuba, kai ka yi aikinka. Ka ɗora bayan hannunka a gefen taga, in ka ji iska na shigowa, kuɗinka ne zai riƙa fita ta nan. Ka duba gilashin, ruɓi biyu ne ko ɗaya. Ka ja labule, ka leƙa bayan kwaba da kusurwar rufin banɗaki, baƙin ɗigo-ɗigo fumfuna ce, sabon fenti a kusurwa ɗaya kawai kuma abin tambaya ne. Ka ce a kunna ɗumin a gabanka, ka jira minti goma, ka taɓa kowane ƙarfe. Ka lura da inda tagogi suka fuskanta. A arewacin duniya tagar da ta kalli kudu ita ke samun ranar hunturu, kuma ɗakin da rana ke shiga ya fi wanda ya fi shi girma.

Gidanmu na farko ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne mai faɗi, haya da sauƙi. Araha ba ta ado. Taga ɗaya ce, daidai da ƙafafun masu wucewa, dusar ƙanƙara ta rufe ta tun Disamba. Na biyu ƙarami ne a hawa na uku, maƙwabta sama da ƙasa suna ɗumama mu kyauta, kuma shi yara ke tunawa har yau.

Nisa kuma da agogo ake auna shi, a ƙafa, da yaro a hannu. Tashar bas ko jirgin ƙasa, makaranta da kantin sayayya su kasance cikin tafiyar minti goma. Minti ashirin a bazara yawo ne, a iskar Janairu azaba ce. Kafin ka sa hannu ka tambayi makarantar da unguwar ta faɗa ƙarƙashinta, domin a birane da yawa adireshi ke zaɓa wa yaro makaranta.

6. Kayan ɗauka da na bari

Kujeru da gadaje su tsaya, kuɗin jigilarsu yakan fi kuɗinsu. Kayan lantarki ka duba ƙarfin wutar can: Amurka da Kanada wajen volt 120 suke, Turai 230. Kowane yaro ya zaɓi abu biyu da yake so, ko da tsohon bargo ne, kada ka yi gardama.

7. Tufafi

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma nan wuri ɗaya ne da gaggawa ke sa asara. Kada ka sayi manyan kayan sanyi kafin ka isa. Abin da ake sayarwa a gari mai zafi don sanyin can aka yi shi. Ka isa, ka ga abin da mutanen tashar bas ke sawa, ka saya a can. In kuɗi sun yi kaɗan, shagunan gwanjo cike suke da kayan yara da ba su ji jiki ba, kuma ƙarshen hunturu farashi ke karyewa, sai ka sayi na baɗi da ɗan girma.

Abin da ke riƙe ɗumi iska ce da ta maƙale tsakanin tufafi, shi ya sa riga uku marasa nauyi suka fi ƙatuwa guda. Ta jikin fata ta zama ulu ko yadin roba mai fitar da gumi. Ta tsakiya suwaita. Ta waje mai tare iska da ruwa, mai hula, wadda ta sauko ta rufe cinya. Auduga a jikin fata kuskure ne: tana shan gumi ta riƙe shi, kana tsayawa jiran mota sai ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma.

In abu ɗaya za ka kashe wa kuɗi, takalmi ne. Wanda ruwa ba ya shiga, ƙasansa mai zurfin zane, da sararin da yatsu za su motsa cikin safar ulu. Safa biyu cikin matsattsen takalmi ƙara sanyi suke yi, don jini ba ya gudu. Ga yara, safar hannu mai haɗe yatsu wuri ɗaya ta fi mai rarrabe su ɗumi. Ka sayi biyu-biyu, ka rubuta suna, duk da haka za su ɓata.

Jariri riga ɗaya yake ƙarawa kan abin da kai ka sa. A kujerarsa ta mota a cire masa ƙatuwar riga kafin a ɗaure bel, a rufa masa bargo daga sama, domin rigar na hana bel ɗin kama jiki.

8. Makon farko

Rajistar adireshi inda doka ta ce, asusun banki, layin waya, katin sufuri, likitan iyali, makaranta. Likitan kada ka jira sai an kwanta. Hunturun farko na yaro a sabuwar makaranta mura ce kan mura. Ka haddace lambar agajin gaggawa, ka koya wa yara: 911 a Amurka da Kanada, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya.

9. Zaman cikin gida

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗaki ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi. Mu kan bar namu tsakanin 19 da 21, kowa da suwaita. Sabon zuwa yakan murɗa ɗumin har ƙarshe ya zauna da singileti, sai takardar kuɗi ta zo ya riƙe kai. Ɗakin barcin jariri tsakanin 16 da 20 ya isa, ba hula, ba tulin barguna.

Ga gargaɗin da ya fi duk abin da na rubuta nauyi. Kada a kunna gawayi, janareta ko murhun gas don ɗumama rufaffen ɗaki, ko da wuta ta ɗauke. Suna fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, tana farawa da ciwon kai da jiri, mutum ya kwanta bai tashi ba. Ka sayi ƙararrawar da ke gano ta, ka maƙala kusa da ɗakunan barci, tare da ta hayaƙi. In kowa a gidan ya kama ciwon kai lokaci guda, ku fita waje tukun, sannan a kira agaji. In wuta ta ɗauke, ku taru a ɗaki ɗaya, a toshe ƙasan ƙofa da tawul, a sha barguna. Hitar lantarki ta hannu kuma a jona ta a bango kai tsaye, a ba ta tazarar mita ɗaya daga labule da gado, a kashe ta kafin barci.

Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, abin da ke fasa bututu ke nan. In za ku yi tafiya kada ka kashe ɗumin gaba ɗaya, ka bar shi wajen digiri 13, kuma ka san inda makunnin ruwan gidan yake tun ranar farko.

Kowace safiya a buɗe tagogi na minti biyar zuwa goma, a goge raɓar jikin gilashi. Shanya a rufaffen ɗaki ita ke kawo fumfuna. Iskar gida mai ɗumi a bushe take, don haka man shafawa mai kauri bayan wanka, basilin a leɓe, da shan ruwa ko ba a jin ƙishi.

10. Kan hanya

Ka riƙa duba awon sanyin da ya haɗa da ƙarfin iska, shi jiki ke ji. In ya kai 28 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba kan iya daskarewa cikin rabin awa ko ƙasa da haka. Kunne, hanci ko yatsa in ya yi fari ya mutu, kada a murza shi, kada a kai shi bakin wuta. A sa cikin ruwa mai ɗumi kamar na jikin mutum, a nemi likita. Yaron da ya daina rawar sanyi ya koma magana a hargitse yana jin barci, asibiti kai tsaye.

Ƙanƙarar da ta fi kayar da mutum ba a ganinta, kamar jiƙaƙƙen kwalta take. Gajerun taku, hannu a waje da aljihu. Na koyi wannan ne a bakin tasha, a kwance, jakata can takalmina can, wata tsohuwa mai sanda ta zo ta wuce ni a hankali.

Mota kuwa, in garin na da jirgi da bas, ka haƙura da ita hunturun farko. In dole ce, tayar hunturu. Robar tayar bazara na taurarewa in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. A lardin Kebek na Kanada doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Ka sa a gwada batir, ka ajiye ƙaramin shebur, abin kankare gilashi da bargo a but. Kada ka zuba ruwan zafi kan daskararren gilashi, tsagewa zai yi. In dusar ƙanƙara ta binne motar, ka share bakin salansa kafin ka tayar. Ka tambayi mai gida ko share dusar ƙofar gida a kanka take, domin a wasu birane akwai tara.

11. Duhu da kaɗaici

Sanyi ana saya masa riga. Duhu ne ba wanda ya gaya min. Wani yammacin Janairu na dawo na tarar da uwargida zaune, fitila a kashe, yara na kallon talabijin, ta ce kwana biyar ke nan ba ta yi magana da wani babba ba sai ni. Ban lura ba, ina can ina ƙoƙarin burge sabon wurin aiki.

Daga ranar muka kafa doka: kowa zai fita kullum da tsakar rana, ko na minti ashirin, in dai ba a yi gargaɗin yanayi ba. Ɗakin karatu na unguwa ya cece mu, ga ɗumi, ga wurin yara, ba a biyan ko sisi, can ta samu ƙawarta ta farko. Yara kuma a bar su su yi birgima a dusar, su suka fi saurin sabawa. Kai ma ka ware yini ɗaya a mako da za ka riƙe yara ta fita ita kaɗai.

Rana a can ba ta da ƙarfin da fata za ta haɗa bitamin D a hunturu, mai duhun fata kuma ya fi saurin rasa shi. Hukumomin lafiya na Birtaniya na ba manya shawarar mikrogiram 10 a kullum a kaka da hunturu. Ka tambayi likitanku abin da ya dace da kowa, musamman yara. In ka ga wani ya yi mako biyu cikin kasala, yawan barci da rashin sha'awar komai, kada ka kira shi lalaci. Ciwo ne sananne mai zuwa da gajeren yini, kuma ana maganinsa.

12. Zaman da kuka yi alkawari

Kada a yanke shawarar komawa a Janairu ko Fabrairu, lokacin kowa a gajiye yake. Ku jira ƙanƙara ta narke, ka ɗauko littafin lissafin, ka jera takardun kuɗin ɗumi na watannin nan kusa da abin da ka yi hasashe, ka bar uwargida ta fara magana. In gidan ne matsala, a sauya gida kafin kaka. Rigunan sanyin kuma kada a yi saurin kai su akwati: rana mai daɗi a Maris takan yaudari baƙo, mu sai da muka sake zazzage akwatunan a Afrilu muna neman safar hannun auta.